Abin da Suka Sani a Kan Zuciyata

Ku da kuke ta turo mini saƙo kuna tambayar kalar anko, ku ɗan dakata da sayen yadi. Sati uku ke nan ban rubuta komai a shafin nan ba, kuma ba data ce ta ƙare mini ba. Ga wanda yau ya fara leƙowa, sunana Tamar, shekarata ashirin da biyar, ina koyar da 'yan aji uku a wata firamare a nan Kafanchan. Ni da Mama kaɗai ne a gidanmu na Takau tun da Baba ya rasu. Wanda zan aura sunansa Kaleb, ɗan Kachia, yana sayen citta a ƙauyuka yana lodawa zuwa Legas. An sa mana Asabar ta ƙarshe a Disamba. Yau ɗin nan da nake rubutu, ban san ko ranar tana nan ba.

A cocinmu ba a shelar aure sai an kai wa kwamiti takardar gwaji, ta jini da ta sikila da ta ciki. Ni na so in yi nawa a ɗakin gwajin da ke bayan makarantarmu, in gama in koma aji. Kaleb ya ce a'a, sai dai asibitin da yayarsa take aiki. Na ce masa jini ai jini ne, ko'ina aka ɗiba. Ya ce in yi masa wannan alfarmar. Kaleb mutum ne da ko kalar rigar ango ni ya bar wa zaɓi, amma a kan wannan sai da ya kira ni sau huɗu a yini ɗaya. Tun daga nan na fara sa ido.

Yayar tasa, Anti Bernice, nas ce. Doguwa, tabarau rataye a wuya da sarƙa, irin matan nan da in ka gaishe su sai sun gama kallonka sannan su amsa. Ranar da na fara ganinta, cikin watan Mayu ana zafi kamar me, ba fuskata ta kalla ba, ƙafata ta kalla. Ina sanye da safa cikin takalmi. Ni ƙafata sanyi gare ta tun ina yarinya, har 'yan ɗakinmu a sakandare suka sa mini suna Kifi. Na ɗauka ƙauyancina take aunawa, kuma tun ranar na sa a raina matar nan ba ta yi da ni.

Ranar Talata, sha huɗu ga Oktoba, na tafi. Na sa riga da siket na atamfa ruwan ganye wadda Maman Kaleb ta ba ni, don kada a ce ba na sa kayansu. An ɗebi jini, an karɓi fitsari, na ɗauki jakata zan fita, sai Anti ta ce in zauna ta auna mini hawan jini. Na ce ai ba ya cikin takardar coci. Ta ce ta sani.

Ta ɗaura abin awon a hannuna na dama, ta ce 178 a kan 104. Ta koma na hagu, kusan haka. Ni da ban fi taliya kauri ba, ina zan kai hawan jini? Na ce mata ƙila acaɓan da na hau ne ya tsorata ni. Ta ce in cire safa in kwanta rub da ciki, ta ɗauko wani abin awon, babba, ta ɗaura mini a cinya.

Jama'a, wa kuka taɓa ji an auna masa jini a ƙafa? Ta ce 105. Ta juya ni, ta riƙe wuyan hannuna da hannu ɗaya, ɗayan ta danna gindin cinyata, ta rufe ido tana saurare. Ta sa abin sauraron ƙirji a bayana, tsakanin allon kafaɗa, ta daɗe a wurin.

Ba lambobin ne suka tayar mini da hankali ba. Fuskarta ce. Babu mamaki a ciki ko kaɗan, kamar malamar da take makin jarrabawa da amsa a gabanta. Sannan babban abin awon nan, a kan tebur na same shi lokacin da na shigo, an warware shi an ajiye. Wa ya gaya mata za a buƙace shi?

Ta tambaye ni ko ina ciwon kai, na ce wa ba ya yi. Ko ƙafata tana riƙewa in na yi tafiya mai nisa, na ce in na hau tudun kasuwa.

"Haɓon fa? Har yanzu yana zuwa?"

"Har yanzu?" na ce. "Anti, wa ya ce miki ina haɓo?"

Ta ɗaga tabarau ta sa, ta ce tambaya ce da ake yi wa kowa. Ban yarda ba. Ba a ce wa kowa "har yanzu". Haɓona na ƙarshe a banɗakin gidanmu ya same ni, kuma ban taɓa gaya wa Kaleb ba, don wace budurwa ce za ta zauna tana ba saurayi labarin jinin hanci? Ta rubuta wani abu ta ce akwai likitar zuciya a Jos da ya kamata ta gan ni, kuma takardar coci sai bayan mun dawo.

Na iso gida na tarar da Mama tana tuƙa tuwon acca. Na gaya mata komai ina tsaye a ƙofar kicin. Muciya ta tsaya a hannunta. Mama fa, in na ce kaina na ciwo sai ta tara maƙwabta, amma ranar ko lambar ba ta tambaya ba. Ta ci gaba da tuƙi, ta ce gajiyar shirin biki ce, in rage gishiri, kuma kada in yarda kowa ya ja ni wani asibiti kafin Disamba.

Bayan mun ci abinci ta ɗauki wayarta ta zagaya bayan gida wajen bishiyar gwanda. Duk Takau an san Mama da waya, in tana magana da ƙanwarta ta Zonkwa har masu shagon bakin titi suna jin labarin. Ranar ƙasa-ƙasa take yi. Na leƙa ta tagar banɗaki na kasa kunne. Ban ji kalmomin ba, amma na ji abu ɗaya: da Hausa take magana. Da danginmu yare take yi, ko da yaushe. Ke nan wanda take magana da shi ba namu ba ne.

Da ta shiga wanka na ɗauki wayar. Na san ba kyau, ku yafe mini. An goge kiran ƙarshe. Matar da ko rage ƙarar waya sai ta kira ni, yaushe ta koyi goge kira, kuma wa ya koya mata?

Kafin in ajiye, tawa ta yi ƙara. Kaleb ne.

"Malamata, yaya jiki?"

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

"Anti ta ce jininki ya ɗan hau."

"Ita Anti komai na mara lafiya take gaya wa mutane?"

Ya fara rubutu, ya daina, ya sake farawa. Minti uku ina kallon waya. Abin da ya iso a ƙarshe shi ne: "Don Allah mu je Jos ɗin. Ni zan kai ki."

A satin nan babu zargin da ban yi ba. Na ce ko Anti tana neman abin da za ta kai wa kwamiti ne a fasa, ta kawo masa wata nas ƙawarta. Na ce ko Kaleb ɗin ne ya gaji yake neman ƙofar fita da ba za a zage shi ba. Ga kuma Mamansa a gefe, ita ba ruwanta, kullum da safe sai ta turo mini saƙon murya daga Kachia, tana kirana amaryata. Kaleb shi kaɗai ne namiji a ɗakinta. Ta riga ta sayi zanen goyo, ta turo mini hotonsa shimfiɗe a kan gado, ta ce kafin a sake haƙar citta baɗi tana so ta ji ɗumin jika a bayanta. Dā dariya nake yi in na saurara. A satin kuwa ba na iya saurara har ƙarshe.

Ranar Lahadi bayan sujada Kaleb ya zo, muka zauna a wani shagon yogot kusa da tashar jirgi. Ya sa farar shadda da na fi so, har da turare, amma ko rabin kofinsa bai sha ba. Wayarsa tana kan tebur ta yi haske, na karanta kafin ya kife ta. Dakta Raliya: "Laraba ƙarfe tara. Ku zo da ita."

Na miƙa hannu. Ya ce likitar zuciyar ce, Anti ta haɗa su. Na ce to in gani. Ya ba ni, amma bai saki wayar ba, yana riƙe da gefe. Na ja da babban yatsa sau ɗaya, hirar ta gudu sama, ya fizge yana dariyar da ba ta kai ido ba. Bai san na riga na gani ba. Saƙon farko, tara ga Satumba. Sati biyar kafin Anti ta ɗaura mini abin awo.

Na shanye yogot ɗina, na shanye nasa, na ce Laraba ta yi mini.

Ku fahimce ni, ba don lafiyata na yarda ba. Ni a ganina lafiyata ƙalau. Na yarda ne don in kama su.

Mama ta yi duk abin da za ta iya. Ta ce ta yi mummunan mafarki. Ta ce likitoci in suka buɗe bakinsu ba sa rasa abin faɗa. Ta ce yarinyar da aka fara yawo da ita asibiti ana saura wata biyu biki, maganar gari kaɗai ta ishe ta. Na ce ta zo mu tafi tare, ta ce tana da taron zumuntar mata. Zumunta ran Alhamis suke yi. Da safen Laraba ta raka ni har bakin mota, ta gyara mini wuyan rigar sanyi, kuma ta ƙi haɗa ido da Kaleb. Shi ma ya durƙusa ya gaishe ta yana kallon ƙasa. Mutum biyu da kullum sai sun yi raha a kan wanda ya fi iya cin fate.

Muka bi ta Kagoro da Manchok muka haura dutse. Motar aro ce, warin citta ko'ina. Anti tana gaba da ambulan ruwan ƙasa a cinya, ta dafe shi da hannu biyu. Ko da muka tsaya sayen ayaba ba ta ajiye shi ba. A asibitin koyarwa, da aka buɗe mini fayil, na gan ta ta zaro wata takarda daga ambulan ɗin ta cusa a ciki, da sauri, ta juya mini baya. Takardar ba fara ba ce. Ta yi ruwan ƙasa, kuma duk ta sha ninki.

Dakta Raliya gajeruwa ce, hijabi ruwan toka da takalmin gudu, Hausarta tas kamar a rediyo. Ta ce su Kaleb su jira a waje. Ta maimaita duk abin da Anti ta yi, hannu da ƙafa, ta tura ni hoton ƙirji. Da na dawo ta kwantar da ni a gefen hagu, ta shafa mini wani abu mai sanyi kamar man kitso, ta riƙa yawo da na'ura a ƙirjina. A talabijin ɗin gefenta na ga wani abu baƙi da fari yana buɗewa yana rufewa. Ta ce zuciyata ce. Daga baya ta sa in ɗaga haɓa, ta danna na'urar a ramin wuyana, sai wata ƙara kamar iska tana fita daga taya.

Ta ce in sa riga. Ta tambaya ko ina so a kira su, na ce a kira, ina so in ga fuskokinsu.

Ta ɗauki biro ta zana abu kamar sandar tsoho mai lanƙwasa. Ta ce wannan ita ce babbar jijiyar da take ɗaukar jini daga zuciya ta raba wa jiki. Rassan farko suna zuwa kai da hannuwa, sauran ta gangara ciki da ƙafafu. Tawa, daidai bayan lanƙwasar, a tsuke take, kamar tiyon ban ruwa da aka taka. Sama jini ya yi yawa yana dukan kai, ƙasa kuma yana isa da ƙyar. Ciwon kai, haɓo, sanyin ƙafa, duk daga nan ne. Ta ɗaga hoton ƙirjin ta nuna mini ƙasan haƙarƙarina, wurare kamar ɓera ya ɗan gutsura. Ta ce jini ne ya nema wa kansa ɓarauniyar hanya ta ƙananan jijiyoyi, suka kumbura har suka ci ƙashi, kuma su ne suka riƙe ni har yau.

Ta ce da shi aka haife ni. Ba abinci ba ne, ba aikin wani ba ne, ba laifin kowa ba ne. Ba kasafai ake samunsa ba, kuma yawanci tun ana yara ake kama shi.

Na tambaye ta ko ana gyarawa. Ta ce ana gyarawa. Da farko za a yi wani hoto na musamman, a zuba ruwan magani a jijiya a ga tsawon wurin da ya tsuke. In gajere ne, akwai inda ake yi a Abuja ba tare da an tsaga ƙirji ba: a bi ta jijiyar cinya da siririn bututu, a hura wurin ya buɗe, a bar 'yar ragar ƙarfe ta tokare shi. In bai yiwu ba, sai tiyata ta gefen hagu. Ko wanne aka yi, ni da asibiti mun ƙulla ke nan har tsufa, ana duba ni. Magani kuwa daga yau zan fara.

Sai na yi tambayar da ke raina.

"Dakta, zan haihu?"

"Bayan an gyara, yawancinsu suna haihuwa, muna lura da su," ta ce. "Kafin a gyara, kada ki yarda ki ɗauki ciki. Jijiyar tana iya tsagewa, kuma in ta tsage ba a cika kai wa asibiti ba. Bayan aikin ma sai kin jira mun ce to."

Na juya na kalli Kaleb. Idonsa ya yi ja, amma shi ma babu mamaki a fuskarsa. Dakta ta buɗe fayil tana rubutu, ta ce kamar da kanta take magana, "Likitan da ya gan ki a 2007 ya yi ƙoƙari, da kunne da yatsa kawai ya gane. Me ya hana ku zuwa a lokacin?"

Na ce wane likita. Ta ɗago ta kalle ni, ta kalli Anti, ta kalli Kaleb, na ga fuskarta ta canza. Ta zaro tsohuwar takardar ta ɗora a gabana.

"Taki ce. Ke ya kamata ki fara gani, ba ni ba."

Rubutun hannu ne da shuɗin biro da ya koɗe. Tamar Kambai, shekara bakwai. Sunan uwa, Emilia Kambai. Ana roƙon likitocin zuciya na Jos su ga yarinyar nan da gaggawa. A ƙasa an ja layi biyu a ƙarƙashin gaggawa.

Ban yi kuka ba. Na karɓi takardar magani, na yi wa Dakta godiya, na ninke tsohuwar takardar na sa a jakata. Anti ta buɗe baki, na ce, "Anti, da girmanki, yau kada ki yi mini magana." Ta rufe.

A wajen ajiye motoci na tsaya na fuskanci Kaleb. Ban ma tambaya ba ya fara. Ya ce Mama tawa ce ta ba shi takardar, ranar Litinin ɗin Ista, ana saura kwana biyar mutanensu su kawo gaisuwa. Ta kira shi shi kaɗai lokacin ina wajen koyon waƙa, ta ba shi takardar, ta ce ya kai a karanta masa, in zai fasa ya fasa tun yanzu, amma ya yi mata alkawari a gaban Ubangiji ba zai gaya mini ba. Ya kai wa Anti. Tun daga nan suke neman hanyar da za su kai ni gaban likita ba tare da ya karya alkawari ba. Abin awon jinin da ya saya wa Mama a Yuni, wanda na ƙi ko taɓawa, ashe don ni ne. Da suka ga ba na kamuwa, suka jira gwajin coci.

"Wata shida," na ce. "Kana zama da ni, muna zaɓen labule, muna rigima a kan sunan yara. In da na faɗi a gaban 'yan ajina fa?"

"Kullum da wannan tsoron nake kwana."

"Amma alkawarinka ya fi maka."

Sai na tambayi abin da ya fi ci mini rai, ko da ya turo mutanensu bayan ya san komai, tausayina ya ji. Ya ce tun kafin takardar ya gama yanke shawara, takardar ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Na kalle shi ina neman alamar ƙarya. Matsalar ita ce mutumin da ya iya ɓoye mini abu wata shida yana murmushi, ban san kuma yadda fuskarsa take ba in yana faɗin gaskiya. Ina son Kaleb, wannan ban ɓoye muku ba tun farkon shafin nan. Amma har muka sauko Kafanchan ina kujerar baya, fuskata a taga.

Wajen ƙarfe biyar suka sauke ni a bakin layi, na hana su shiga. Mama tana tsakar gida a kan tabarma tana ɓarar agushi, ba ta je ko'ina ba. Na ajiye takardar a cikin tiren, a kan agushin.

Ta daɗe tana kallonta. Sannan ta fara magana da yare, a hankali, ba ta ɗago ba. Ta ce ina aji biyu na yi zazzaɓi, likitan ya saurari bayana ya rubuta wannan. Suka tambaya aka ce musu tsaga ƙirji ake yi. A shekarar akwai wata yarinya a cocinmu da aka kai aikin zuciya wata ƙasa, akwatinta ne ya dawo. Baba ya ce ba mai sa wa 'yarsa wuƙa yana raye. Suka yi azumi, aka yi addu'a, zazzaɓi ya tafi, na girma, na yi gudu, na gama makaranta. Ta ce duk shekarar da ta wuce sai ta ce Yesu ya taɓa ni. Amma ta kasa ƙona takardar, tana ƙasan akwati ƙarƙashin kayan zumunta. Duk haɓon da na yi, in ta gama wanke mini riga sai ta shiga ɗaki ta yi kuka.

Na ce to me ya sa Kaleb, me ya sa ba ni ba.

"Shi in na ɓoye masa, na cuce ɗan mutane," ta ce. "Ke kuma in na gaya miki, da wane ido zan kalle ki? In ce shekara goma sha takwas ina zaune a kan ranki?"

Na gaya mata abin da Dakta ta ce a kan ciki. Na ce da na bi maganarta na bari sai bayan biki, da wataƙila baɗi war haka ita da zumunta suna mini waƙar jana'iza. Na san maganar ta yi nauyi, kuma da gangan na faɗa. Ta rufe fuska da zane. Duk da haka, da ta buɗe, abin da ta fara roƙona shi ne kada Maman Kaleb ta ji. A yi biki yadda aka sa, a je Abuja a ɓoye, a ce aiki ne ya kai mu. Ta ce matar da ta sayi zanen goyo tun kafin aure ba za ta karɓi amarya mai ƙarfe a jijiya ba.

Tana cikin wannan roƙon saƙon Kaleb ya shigo. "In Momi ta kira ki daga Kachia kada ki ɗauka. Wani ɗan Kachia ya gan mu a asibiti. Bari in fara magana da ita, zan san abin da zan ce."

Zai san abin da zai ce. Na karanta sau biyu. Wato za a sake zama a tsara abin da za a faɗa a kan jikina, ni kuma in jira a ba ni nawa layin in haddace.

Ko minti ɗaya ba a yi ba wayar ta fara ruri, hoton Maman Kaleb da ɗankwalin zumunta ya cika fuskar. Mama ta gani. Ta taso da gwiwa, tiren agushi ya kife, ta riƙe bakin siket ɗina tana girgiza kai. Na ɗauka, na sa a sifika.

Ba ta ce amaryata ba. Ko gaisuwata ba ta bari na gama ba.

"Tamar, an ce an gan ku a asibiti a Jos, ke da Kaleb da Bernice. Na kira su duka ba wanda ya ɗauka. Ni ba yarinya ba ce. Ki gaya mini tsakaninki da Allah, ciki ne?"

Mama ta ƙara damƙe siket ɗin har na ji ɗinkin yana buɗewa. Na sa hannu na ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Ba ciki ba ne, Momi," na ce. "Amma ki samu wuri ki zauna. Maganar tana da tsawo, kuma ina so daga bakina ki ji."

Daga can na ji an rage ƙarar rediyo, an ja kujera a kan siminti.

"Na zauna," ta ce. "Ina jin ki."